Ƙuncin hanya daban, nisan hanya daban

 Yau maganarmu a kan wani aiki ne da ido ba ya gani, amma kusan duk abin da muke yi da waya ya dogara da shi. Shafin da ɗalibi ke duba sakamakon jarrabawa, da manhajar da ɗan kasuwa ke karɓar kuɗi da ita, da rumbun da asibiti ke ajiye bayanan marasa lafiya, kowannensu yana zaune ne a cikin wata kwamfuta da ba a kashewa dare da rana, wadda masu sana'ar ke kira saba. Wani lokaci sabar tana Legas ko Abuja, sau da yawa kuma tana Frankfurt ko Landan ko can Amurka, alhali mai kula da ita yana Kano ko Zariya ko Damagaram. Bai taɓa ganin na'urar da idonsa ba, amma kullum sai ya shiga cikinta daga nesa ya gyara layi ɗaya a fayil ɗin saiti, ko ya kwaso kundin da ke nuna inda matsala ta faru, ko ya ɗora sabon aiki. Idan abin ya yi nawa, shawarar farko da abokan aiki ke ba shi ita ce ya kunna matsewa, a rage girman bayanai kafin su hau hanya. Shawarar ba ƙarya ba ce. Sai dai ni a ganina ita ce ya kamata ta zo ta uku. Nawar aiki daga nesa ciwo biyu ne da suke kama da juna: ƙuncin hanya da nisan hanya. Matsewa tana maganin na farko kaɗai, kuma ko a nan ma akwai abin da ya fi ta, wato kada a aika abin da ba a bukatar aikawa tun farko.

Bari mu fara da ba matsewa haƙƙinta, domin dabara ce ta gaske. A 1952 wani ɗalibi a jami'ar MIT ta Amurka, David Huffman, ya fito da hanyar ba harafin da ya fi yawan fitowa gajeriyar lamba, wanda ba kasafai yake fitowa ba kuma a ba shi doguwa. A rubutun Hausa harafin a ne zai sami mafi gajartar lamba, don babu inda ba ya leƙawa. A 1977 kuma Abraham Lempel da Jacob Ziv, malamai biyu a Isra'ila, suka ƙara wata hikimar: idan jerin haruffa ya riga ya fito a baya, maimakon a sake rubuta shi sai a bar alamar da ke cewa a koma baya taku kaza a kwafi haruffa kaza. Haɗin waɗannan biyu ne ke cikin fayil ɗin ZIP da kowa ya sani, shi ne ke cikin gzip da Jean-loup Gailly da Mark Adler suka fitar a 1992, kuma shi ne SSH, manhajar shiga saba daga nesa, ke amfani da shi idan aka ce ta matse. Duk abin a kan maimaici yake tafiya. Kundin da saba ke rubuta abubuwan da suka faru cike yake da shi: kwanan wata iri ɗaya, adireshi iri ɗaya, saƙon kuskure iri ɗaya har layi dubu. Irin wannan fayil yakan koma kashi ɗaya cikin biyar na girmansa, wani lokaci ɗaya cikin goma ko ƙasa da haka.

Mu yi ɗan lissafi tare. A ce fayil ɗin megabayit 100 ne, layin kuma yana ɗaukar megabit 2 a sakan ɗaya, abin da ba baƙo ba ne ga mai turawa ta waya da yamma, lokacin da kowa ya hau. Bayit ɗaya bit 8 ne, don haka aikin zai ci sakan 400, kusan minti 7. Idan aka matse shi ya koma megabayit 15, minti ɗaya ya ishe shi, kuma datar da za a biya ta ragu daidai gwargwado. Wannan riba ce da babu mai musunta ta. Amma abin kamar auduga ne a Funtuwa: ana danne ta a ɗaure tamau don mota ɗaya ta ɗauki abin da da sai motoci da dama. Wanda ya kawo buhun siminti ya ce a danne masa, lokacin masu inji kawai ya ɓata, kuma komai danniyar da aka yi wa auduga, hanyar Funtuwa zuwa Legas ba ta ragu da taku ɗaya ba. Simintin kwamfuta shi ne hoton JPEG da bidiyon MP4 da sautin MP3 da fayil ɗin ZIP, domin an riga an tatse maimaicin da ke cikinsu tun ranar da aka yi su. Haka nan bayanan da aka kulle da lambobin sirri, don kullewa mai kyau tana mai da su tamkar hargitsi marar tsari, shi ya sa SSH take matsewa kafin ta kulle. Claude Shannon ya nuna tun 1948 cewa kowane saƙo yana da iyakar da ba za a iya rage shi ƙasa da ita ba sai an yi asarar wani abu. Babu manhajar da za ta zo gobe ta tsallake wannan iyaka.

Yanzu ga ciwo na biyu, wanda a ganina shi ne ya fi damun mai gyara fayil. Haske a cikin wayar gilashi yana tafiyar kusan kilomita 200,000 a sakan ɗaya. Adadin yana da ban tsoro har sai an auna shi da taswira. Frankfurt tana kusan saitin Kano sak ta arewa, tazarar kilomita 4,200 da ɗoriya a miƙe. Amma saƙo ba ya keta Sahara a miƙe. Galibi sai ya fara yin kudu kusan kilomita 1,000 zuwa Legas, ya shiga wayar ƙarƙashin teku irin ta MainOne, wadda ta fara aiki a 2010 kuma tsawonta kilomita 7,000 ne zuwa Fotugal, sannan ya bi tudu ya ƙarasa Jamus. Jimilla kusan kilomita 10,000 a zuwa, wasu 10,000 a dawowa. Kashi ɗaya cikin goma na sakan ya tafi ke nan a tafiyar haske kaɗai, ba a sa jiran da ake yi a hasumiyar waya da na'urorin kan hanya ba. Wanda ke kan tsohon tauraron ɗan adam mai tsayuwa a kilomita 35,786 sama da ƙasa kuwa, tambaya da amsarta sukan ci fiye da rabin sakan. Wannan jinkiri ba ya jin kuɗi. Ka sayi layi mai faɗin gigabit, yana nan yadda yake. Stuart Cheshire, lokacin yana ɗalibi a jami'ar Stanford, ya rubuta maƙala a kan wannan tun 1996, yana nuna cewa faɗi ana iya saye ko a ƙara, amma jinkiri idan ya shiga hanya fitar da shi sai an sake hanyar.

Wani zai ce mene ne kashi ɗaya cikin goma na sakan, ai ƙiftawar ido ce. To, a duba yadda SSH ke aiki. Tatu Ylönen ne ya rubuta ta a 1995 a jami'ar fasaha ta Helsinki a Finlan, bayan an gano ana satar kalmomin sirri a layin jami'ar, don tsofaffin manhajoji irin su Telnet a fili suke aika komai. Ta gyara matsalar sirri, amma ta gaji tsarin magabatanta: idan ka danna harafi, ba kwamfutarka ce ke nuna shi a allo ba. Harafin zai tafi saba, saba ta karɓa, ta dawo da shi, sannan ka gan shi. Kowane harafi sai ya je Jamus ya dawo. Mai saurin rubutu yana danna haruffa biyar ko shida a sakan, don haka kullum yatsunsa suna gaban idonsa, ya yi kuskure bai gani ba sai ya wuce shi, ya goge ya zarce inda yake nufi. A nan matsewa ba ta da abin yi ko kaɗan. Harafi ɗaya bayit ɗaya ne, kuma ambulan ɗin da intanet ke saka shi a ciki, mai ɗauke da adireshi da lambobin tsari, bai gaza bayit 40 ba. Babu abin da za a matse. Abin da ake bukata shi ne a rage yawan zuwa da dawowa.

Da wannan ma'auni ya kamata a auna hanyoyin gyaran fayil na nesa. Hanya mafi tsufa ita ce a shiga saba a buɗe manhajar rubutu a can, kamar vi, wadda Bill Joy ya rubuta a Berkeley a 1976 yana aiki a kan layin tarho mai tsananin nawa. Shi ya sa umarninta gajeru ne ƙwarai: da danni biyu ko uku za ka goge layi goma. Abin da sababbin shiga ke gani a matsayin taurin kai na tsohuwar manhaja, asalinsa tattalin layi ne. Wata hanyar ita ce manhajar rubutun ta zauna a kwamfutarka, ta jawo fayil ɗin, ka gyara cikin sakewa, idan ka adana ta mayar da shi. Vim na yin haka, Emacs ma na yi ta wani sashe nata mai suna TRAMP. A nan rubutu ba ya jira, jinkirin ya taru a buɗewa da adanawa, kuma a nan ne matsewa ke da amfani na gaske, musamman da yake TRAMP a wasu hanyoyinta tana mai da fayil haruffa zalla kafin aikawa, abin da ke ƙara masa kashi ɗaya cikin uku na girmansa, don haka take matse duk fayil ɗin da ya wuce 'yan kilobayit. Akwai kuma SSHFS, wadda ke sa jakar fayilolin saba ta bayyana kamar tana cikin kwamfutarka. Tana da daɗin gani, amma a layi mai nisa tarko ce, domin manhajojinka ba su san jakar tana wata nahiya ba, sai su yi ta tambayar ƙananan abubuwa ɗaya bayan ɗaya, kowace tambaya da tafiyarta. Tsarin da Microsoft ta ƙara wa manhajar rubutunta VS Code a 2019 ya raba aikin biyu: allo da rubutu a wajenka, bincike da aiki mai nauyi a saba. Tunani ne mai kyau, sai dai yana girka wani ɓangare nasa a sabar, kuma ƙaramar saba mai araha wadda yawancin masu farawa ke haya takan yi nishi a ƙarƙashinsa.

Ga wanda dole sai ya yi rubutu a cikin sabar kanta, akwai Mosh, wadda Keith Winstein ya fitar a MIT a 2012. Ita tana hasashen abin da saba za ta dawo da shi ta nuna harafin nan take, idan amsa ta iso ta tabbatar ko ta gyara. Ba ta rage nisa ba, ta dai ɓoye shi daga ido. Abin da ya fi wannan muhimmanci a wajenmu shi ne ba ta mutuwa idan sabis ya ɗauke ko aka ɗauke wuta aka koma kan waya. Layi na dawowa za ta ci gaba daga inda aka tsaya. Idan aka haɗa ta da tmux, wadda ke riƙe aikin yana tafiya a saba ko da mai shi ya ɓace, yankewar layi ta daina zama asarar aiki.

Haka lissafin yake wajen tura fayiloli masu yawa. A ce shafin intanet yana da ƙananan fayiloli 2,000, kuma hanyar turawar tana bukatar zuwa da dawowa sau uku ga kowane ɗaya: a buɗe, a rubuta, a rufe. Idan kowace tafiya kashi 15 cikin ɗari na sakan ce, an ci sakan 900, minti 15 cur, ko da dukkan fayilolin ba su kai girman hoto biyu ba. Mai wannan matsala zai kunna matsewa ya ga babu canji, ya ɗora laifi a kan kamfanin waya. Maganinsa shi ne ya ɗaure fayilolin wuri ɗaya da tar, manhajar da ke nan tun 1979, ya tura su a matsayin abu ɗaya. Sai a lokacin matsewa za ta yi tasiri, kuma tasirin zai fi yawa don yanzu tana ganin maimaicin da ke tsakanin fayil da fayil. Manhajar SSH mai suna OpenSSH ma tana da saitin da ke barin haɗi ɗaya a buɗe sauran ayyuka su bi ta cikinsa, maimakon a sake doguwar gaisuwar tantancewa kowane lokaci. Layi biyu ko uku ne a fayil ɗin saiti, kuma sau da yawa ribarsu ta fi ta matsewa.

Amma dabarar da na fi ɗauka da girma ita ce ta rsync, wadda Andrew Tridgell da Paul Mackerras suka fitar a 1996 a Jami'ar Ƙasa ta Ostareliya, ƙasar da ta san ɗacin nisa da sauran duniya. Tambayar da suka yi mai sauƙi ce: idan ɗaya ɓangaren yana da tsohon kwafin fayil, me zai sa a sake tura masa duka? Wahalar ita ce yadda za a gane bambanci alhali fayilolin biyu ba sa wuri ɗaya. Sai suka sa mai tsohon kwafi ya yanka shi gunduwa-gunduwa, ya lissafa wa kowace gunduwa gajeriyar lambar shaida, ya aika lambobin kawai. Mai sabon kwafi sai ya bi fayil ɗinsa bayit bayan bayit yana neman inda ya dace da waɗannan lambobi. Inda ya dace sai ya ce kana da wannan, inda bai dace ba sai ya aika ainihin bayanan. Fayil mai gigabayit ɗaya da aka canza masa layi goma yana iya wucewa da 'yan ɗaruruwan kilobayit. Babu matsewar da za ta kusanci wannan. Kuma a nan akwai kuskuren da ƙwararru ma ke faɗawa: mutum ya matse fayil da gzip tukuna, sannan ya miƙa wa rsync, yana ganin ya haɗa riba biyu. Alhali ƙaramin canji a farkon fayil yana sauya kusan duk abin da ya biyo baya a matsattsen kwafi, sai rsync ta rasa abin da za ta gane, ta tura duka. Daidai shi ne a bar rsync ta ware bambancin, sannan ta matse wannan bambancin da kanta. Jerin aikin ke nan da nake karewa: a fara da rage abin da za a aika, a rage yawan tafiya, sannan a matse abin da ya rage. Ita kanta rsync, idan ta ga fayilolin biyu a kwamfuta ɗaya suke, sai ta ajiye dabararta ta kwafi duka, don a nan lissafin ya fi kwafin tsada.

To, na san akwai masu cewa duk wannan zancen zamanin da ne. Za su ce 5G ta shigo Najeriya tun 2022, wayar Equiano ta Google ta sauka Legas a shekarar, Starlink ta fara aiki a watan Janairun 2023, wa zai tsaya ƙirgen bayit? Akwai gaskiya a ciki. Taurarin Starlink suna shawagi ne a kusan kilomita 550, don haka sun kawar da mafi yawan jinkirin tsohon tauraro. Amma ku lura da abin da sauran suka ƙara: faɗi ne. Frankfurt ba ta matso ba. Kuma faɗin da ake tallatawa na saukewa ne, alhali mai kula da saba turawa yake yi, ɓangaren da layukan waya suka fi ƙuntatawa. Ga kuma kuɗi: a Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data har kashi 50 cikin ɗari, kuma matashin da ke kula da shafukan mutane daga aljihunsa yake sayen data. Sannan yalwar ba ta da tabbas. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin teku huɗu, WACS da MainOne da ACE da SAT-3, suka lalace a lokaci guda a gaɓar Kwaddibuwa. Bankuna suka tsaya a Najeriya da Gana, abin ya taɓa har ƙasashen da ba su da teku irin su Nijar da Burkina Faso, gyaran kuma ya ɗauki makonni. A irin wannan rana ce aka fi bukatar shiga saba a sauya saiti, kuma a ranar ce hanyar ta fi ƙunci. Wanda duk iyawarsa ta dogara da layi mai yalwa ba shi da abin yi, mai iya aiki da baƙin allon rubuta umarni da 'yan kilobayit kuwa yana iya lallaɓawa ya wuce.

Wasu kuma daga ɗaya gefen suke zuwa. Su cewa suke tunda matsewa ba ta da illa, a kunna ta ko'ina a huta. Wannan ma bai cika daidai ba. Matsewa aiki ce da kwamfuta ke yi, kuma tana cin lokaci. Tsakanin saba biyu da ke ɗaki ɗaya a kan layin gigabit, fayil ɗin nan mai megabayit 100 zai wuce cikin kamar sakan ɗaya, gzip kuwa za ta ɗauki sakan da dama tana matse shi; littafin jagorar SSH da kansa ya yi gargaɗin cewa a layi mai sauri matsewa nawa take ƙarawa. Gaskiya ne Zstandard, wadda Yann Collet ya fitar a Facebook a 2016, ta rage wannan matsala ƙwarai don tana da sauri sosai, kuma rsync ta karɓe ta tun 2020. Amma akwai wani farashi da ba na lokaci ba. A 2012 masu bincike biyu, Juliano Rizzo da Thai Duong, suka nuna cewa idan aka matse sirri tare da rubutun da maƙiyi ke iya cusawa, girman saƙon kaɗai yana tona sirrin: duk lokacin da hasashen maƙiyi ya dace, maimaici ya ƙaru, saƙon ya ɗan ragu, sai ya bi harafi bayan harafi. Saboda wannan aka cire matsewa gaba ɗaya daga sabon tsarin kulle shafukan intanet na 2018. OpenSSH ma tun 2016 ta daina yarda a matse komai kafin mai shiga ya tabbatar da ko shi wane ne. A Maris 2024 kuma injiniya Andres Freund ya lura shiga ta SSH tana ƙara masa kusan rabin sakan ba dalili, ya bi diddigi ya gano an dasa ƙofar baya a cikin xz, wata manhajar matsewa, da nufin buɗe sabobin duniya. Adalci shi ne a ce wannan ba laifin matsewar SSH ba ne, kuma an kama abin kafin ya bazu. Ba ina cewa a guji matsewa ba. Ina cewa a kunna ta inda aka san dalili.

Hujjar da ta fi ƙarfi a kaina ita ce ta masu cewa bai ma kamata a gyara fayil kai tsaye a sabar da jama'a ke amfani da ita ba. Kuma suna da shaida. A ƙarshen Janairun 2017 wani injiniyan kamfanin GitLab, cikin dare yana gajiye, ya ba da umarnin gogewa a babbar sabar bayanai yana zaton ta biyu ce. Kusan gigabayit 300 suka tafi, hanyoyin ajiyar kwafi da dama suka ƙi aiki, kamfanin ya yi asarar bayanan kimanin awa shida. A Agustan 2012 kamfanin hada-hadar hannun jari na Knight Capital a Amurka ya yi asarar fiye da dala miliyan 400 cikin minti 45, kuma tushen abin shi ne an ɗora sabuwar manhaja da hannu a saba bakwai aka manta ta takwas. Na yarda da su: aikin yau da kullum a yi shi a kwamfutar gida, a rubuta tarihinsa da Git, a gwada, sannan a ɗora da tsari mai maimaituwa. Sai dai wannan hujja ba ta rushe maganata ba, ƙarfafa ta ta yi. Git bambanci take aikawa, a matse, a tafiya kaɗan, wato jerin nan da na ambata. Hanyar da ta fi aminci ita ce kuma ta fi tattalin layi. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce saboda haka ba sai an koyi gyara daga nesa ba. Ranar da saba ta ƙi tashi saboda kuskuren harafi ɗaya a saiti, ko rumbunta ya cika da tsakar dare, tsarin ɗorawar ma ba zai yi aiki ba sai wani ya shiga da hannu. Ƙaramar makaranta ko asibiti mai ma'aikacin kwamfuta ɗaya ba su da tawagar da za ta gina manyan tsare-tsare. Abin da ake nema a wajen wannan ma'aikaci shi ne ya kwafi fayil kafin ya taɓa shi, ya sa sunan sabar ya fito ɓaro-ɓaro a allonsa, kuma ya mayar da gyaran cikin Git da safe.

Saura abu ɗaya da ke rage nisa da gaske, wato a matso da sabar. Idan masu amfani da shafi duk a Najeriya suke, mai kula da shi ma a nan yake, akwai dalili mai ƙarfi na ajiye shi a cikin ƙasa, inda cibiyar musayar intanet ta IXPN, wadda aka kafa a 2006, ke haɗa kamfanonin sadarwa don saƙon gida ya daina zagayawa ta Turai. Tsadar wuta da ta haya ce ke kora mutane waje, kuma wannan lissafi ne da kowa zai yi da aljihunsa. Amma kada sunan nahiya ya ruɗi mutum. Amazon ta buɗe babbar cibiyarta ta farko a Afirka a 2020 a Cape Town, kuma daga Kano, Cape Town ta fi Frankfurt nisa da kusan kilomita 1,000 a miƙe. Wace ce ta fi kusa a aikace ya danganta da wayar tekun da kamfanin layinka ke bi. Akwai ƙaramin umarni mai suna ping a kowace kwamfuta, wanda ke aika saƙo ya faɗi lokacin da ya ɗauka kafin ya dawo. Kafin a biya kuɗin hayar shekara, a gwada shi a kan wuraren biyu, da safe da kuma da yamma, a kan layin da za a riƙa aiki da shi.